Lasifikokinmu masu tsada da amfilifayar da ta ci mana su

'Yan uwa, tun da labarin ya riga ya karaɗe Agege, gara mu faɗa da bakinmu. Lasifikoki biyun nan da wani dattijonmu ya ba ƙungiya kyauta, waɗanda ko wajen ɗauka sai an ce a yi a hankali, mu muka ƙona su da hannunmu. Ba faɗuwa suka yi ba, ruwa kuma bai taɓa su ba. Amfilifayar da muka haɗa su da ita ce ta yi aika-aikar.

Da aka tura mu kasuwar Alaba da kuɗin karo-karo, abu ɗaya ne a kanmu: lamba babba, farashi kaɗan. Muka ga wata an rubuta wat 5000 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta, kuɗinta bai kai rabin na sauran ba. Muka dawo muna taƙama mun yi wa jama'a tanadi. Ranar walimar ɗaya daga cikin matasanmu zaure ya cika, na baya suka ce ba sa ji, muka murɗa har ƙarshe. Murya ta fara karcewa, jar fitila tana ƙiftawa, muka share. Can sai ƙauri, magana ta koma kamar daga cikin tulu ake yin ta, ga baƙi daga Mile 12 da Idi-Araba suna kallonmu.

Mai gyaran da muka kai wa, wani Bayarabe mai haƙuri, shi ya zaunar da mu. Ya ce lambar kwalin ita ake kira PMPO, ta talla ce kawai. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Lasifikokinmu kowacce wat 400 ce RMS a kan ohm 8, ita kuwa amfilifayar da ya gwada ta, ko 150 ba ta cika ba a kowane ɓangare.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, mu a tunaninmu babbar amfilifaya ce ke fasa lasifika. Ashe ƙaramar ma tana kisa. In aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai ta riƙa datse kan sautin, wannan gurɓataccen sautin kuma ya tafi kan 'yar ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririyar murya, siririyar wayar cikinta ta yi zafi ta ƙone. Jar fitilar nan gargaɗi take yi mana. Shawararsa ita ce a nemi wadda ta fi lasifikar ƙarfi da rabi ko ninki, wato tsakanin wat 600 da 800 a kowane ɓangare a kan ohm 8, sannan a daina murɗawa har ƙurewa.

Ya kuma ja mana kunne kan jona lasifika biyu masu ohm 8 a baki ɗaya, domin nauyin yakan koma ohm 4, kuma ba kowace amfilifaya ke jure hakan ba. Sai batun wuta, wanda duk mazaunin Legas ya san shi: a sa sitabilaiza, musamman in janareta ake amfani da shi, a kunna amfilifaya a ƙarshe, a fara kashe ta kafin komai.

Yanzu kan kwamiti ya rabu. Wasu sun ce a gyara a ci gaba da lallaɓa tsohuwar, tunda ga kuɗin haya na tafe. Mu dai da muka sha kunyar muna ganin a haƙura wata biyu a tara, a sayi ta ƙwarai, a kuma tafi da lasifika ɗaya kasuwa a gwada a gabanmu kafin a biya. Har yau ba mu iya haɗa ido da Baba Alhaji da ya ba da kyautar ba, kuma ranar Lahadi zai zo taro.