Shawarar Mai Ciki Ba Ta Jiran Jiƙo



A unguwar nan tamu, duk abin da ya sami mai juna biyu sunansa ɗaya: laulayi. Amai laulayi ne, rama laulayi ce, ciwon baya ma haka. Idan ido ya yi rawaya sai mu ce shawara ce, a haɗa jiƙo da sassaƙe, a jira ta sauka. Sau da yawa Allah Yana rufa asiri. Amma akwai cututtukan da ke laɓewa a bayan laulayi, kuma cikin mafiya haɗari akwai sankarar fankiriyas.

Fankiriyas wani nama ne da ke kwance a bayan tumbi, shi ke fitar da insulin mai daidaita sukari, da ruwan narkar da abinci. Bututun da ke sauko da ruwan maɗaciya daga hanta ta kansa yake ratsawa. Idan ƙari ya fito a wurin sai ya toshe bututun: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Ga ciwo a saman ciki mai bugawa har baya, ga rama a lokacin da ya kamata nauyi ya ƙaru.

Kada hankalin kowa ya tashi. Wannan cuta da wuya ƙwarai take kama mai ciki, ta fi samun waɗanda suka haura shekara 60. Abin da ya fi kawo shawara ga mai ciki shi ne ciwon hanta, maleriya, tsakuwar maɗaciya, ko hawan jinin ciki. To amma ido ba ya bambance su, gwaji ne ke bambancewa, kuma babu ɗaya cikinsu da ake zama da shi a ɗaki.

Wasunmu na gudun hoto don kada ya taɓa ɗan cikin. Hoton sikanin da ake yi a awo ba ya cutarwa, ana kuma iya yin na MRI. Na CT ne likitoci ke taka-tsantsan da shi. Wasu kuma na cewa daji ba ya son ƙarfe. Gaskiyar magana, cire ƙarin ta hanyar tiyata shi ne babban fatan warkewa, muddin bai bazu ba.

Nan ne jinkiri ke yin ɓarna, domin ciki yana da ƙofofi. A wata ukun farko ana kauce wa maganin sankara mai ƙarfi, saboda lokacin ne halittar yaro ke haɗuwa. Daga wata na 4 zuwa na 6 aka fi samun damar tiyata. Idan ciki ya tsufa, akan duba yiwuwar haihuwa da wuri don a fara wa uwa magani. Duk satin da aka ɓata a kan jiƙo, wata ƙofa ce ke rufewa.

Mu kuwa ba mu da uzurin nisa. Daga Sabo zuwa UCH, Micra ɗaya ce ta Mokola. Asibitin koyarwa ne da aka buɗe tun 1957, kuma tun 1960 ake rajistar masu sankara a Ibadan. Mutane na tasowa daga wasu jihohi su zo, mu ga shi a ƙofar gida.

Matsalarmu uku ce: kunya, kuɗi da harshe. Yarinya mai cikin fari ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta, don haka iyaye mata, ku riƙa duba idonta. Magidanta, kada mace ta kwana tana jiran izini. Wadda ba ta jin Yarbanci ko Turanci, a haɗa ta da mai fassara. Gudummawar da muka saba tarawa ranar suna, mu koyi tara ta ranar gwaji.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.