Taron Masu Haskell a Bakin Tafkin Zurik

Malam, ka ce in na dawo in ba ka labari tiryan-tiryan, ban da ƙarin gishiri. To gyara zama. Na bar Kano a farkon Yunin 2023, 'yan kwanaki bayan an cire tallafin man fetur, saboda haka tun daga kuɗin motar da ta kai ni filin jirgin Malam Aminu Kano aljihuna ya fara jin jiki. Zancen biza da zaryar Abuja ka riga ka sani. Muka ya da zango a Alƙahira, na yi gyangyaɗina a kan kujera, daga nan sai Zurik, birni mafi girma a ƙasar Suwizalan. Ni da na ɗauka shi ne fadar ƙasar, sai da maƙwabcin kujerata ya shaida mini cewa gwamnatin tarayya a Bern take zaune.

Abin da ya kai ni kuwa shi ne ZuriHac, taron da masu rubuta manhaja da harshen Haskell suke yi duk shekara, wanda aka fara a 2010. Ba a biyan ko sisi kafin a shiga, jirgi da masauki ne kawai a wuyanka. Kuma an yi katari, a watan Mayu aka fitar da sabon Haskell Language Server, fitowa ta 2.0. Ka san shi ko da ba ka san sunansa ba: shi ne wanda kake gani a kwamfutata yana jan layi ja a ƙarƙashin abin da na rubuta tun ban gama ba, har ka taɓa tambayata ko malamin makaranta ne a ciki. Na daɗe ina amfani da shi ban taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga masu yin sa ba.

Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin saman take. Babu shinge, babu mai tare ka ya ce ina tikiti. Ka saya a na'ura, ka shiga, ka zauna. Amma idan masu bincike suka ritsa ka babu shi, tarar da za su yanka maka ta ninka kuɗin tafiyar ninkin ba ninkin. A babbar tashar Zurik ina jiran canjin jirgi agogon bango ya ɗauke mini hankali. Jan hannun daƙiƙa yana zagayowa, da ya iso kan sha biyu sai ya ɗan tsaya cak, sannan hannun minti ya yi tsalle ɗaya, shi kuma ya ci gaba. Ashe jira yake saƙo ya iso daga uwar agogo, don duk agogunan tashoshin ƙasar su buga minti tare. Wani injiniya, Hans Hilfiker, ya tsara agogon tun 1944. Hannun minti na tsalle jirgina ya ja. Ka tuna yadda muke zama a tashar mota sai mota ta cika, ka kwatanta.

Tafiyar kamar minti arba'in ce zuwa Rapperswil inda ake taron, wani ɗan gari a can ƙuryar tafkin Zurik, cikin jihar St. Gallen. Garin furen wardi suke ce masa, kuma a watan Yuni ba ka buƙatar a yi maka bayanin dalili. A kan tudu akwai tsohuwar fadar dutse ta ƙarni na 13, a gefenta wani fili da barewa ke kiwo ba mai ko kallonsu da niyyar miya. Daga bakin gari an shimfiɗa gadar katako ta masu tafiya a ƙasa, mita 841, ta ratsa ruwa zuwa ƙauyen Hurden. An buɗe ta a 2001 a kan hanyar da masu ziyarar ibada suka daɗe suna bi. Ruwan sha kuwa a kwararo yake zuba daga famfunan dutse, kowa ya tara gorarsa. Na tsaya sai da na ga wata dattijuwa ta sha kafin na tara tawa.

Soket ɗinsu daban yake da namu mai ƙafa uku irin na Ingila, daban kuma da na maƙwabtansu Jamusawa, don haka sayayyar farko da na yi a ƙasar ita ce mahaɗin caja, a kan kuɗin da ba zan faɗa maka ba don kada ka yi mini dariya. Sallah ma sai da na sake lissafi. Rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, isha'i ta kai ka wajen sha ɗaya, asuba kuma ta taso ka tun barci bai yi nisa ba.

Jami'ar da ake taron, OST, tana manne da tashar jirgi, ƙafarta a cikin ruwa. Da safiyar Asabar, 10 ga wata, na tarar da ɗaruruwan mutane, kusan kowa da gajeren wando da jaka a baya. Ba babban baƙo, ba jiran shugaban taro, ba a gabatar da kowa da jerin muƙamansa. Aka ce duk mai aikin da yake neman hannu ya fito ya faɗa a taƙaice. Suka yi layi, kowa ya ce ga abin da nake ginawa, ga ɗakin da za ku same ni. Shi ke nan aka watse cikin azuzuwa da kan ciyawa.

Bari in tsaya nan in yi maka bayanin da ka sha nema ina kaucewa. A yawancin harsunan kwamfuta umarni kake bayarwa bi da bi: ajiye lamba a nan, ƙara mata ɗaya, goge waccan, koma baya. A salon fankshin, wanda Haskell ke kai, ba ka goge komai. Kana bayyana dangantaka ne irin ta lissafi: in aka ba wannan fankshin abu kaza, amsarsa kaza ce, yau da gobe da jibi, kuma ba zai taɓa wani abu a ɓoye ba. Tushen abin daga aikin Alonzo Church yake, masanin lissafi na Amurka, a shekarun 1930, tun ba a ƙera kwamfutar da za ta ɗauke shi ba. A 1987 wasu masana suka haɗu a Portland suka ga harsunan wannan salo sun yi yawa, kowa da nasa, suka kafa kwamiti. A 1990 harshen ya fito, aka raɗa masa sunan Haskell Curry, wani masanin mantiƙi. Tafintan da ke juya shi zuwa abin da inji ke ganewa, GHC, a Jami'ar Gilasgo ta Sikotilan aka fara shi. Kada ka ce wasan 'yan boko ne kawai: Pandoc da nake juya maka takardu da shi, da Haskell aka rubuta shi, kuma wani malamin falsafa ne a Berkeley, John MacFarlane, ya ƙirƙiro shi. Facebook ma sun yi amfani da harshen wajen tace saƙonnin banza.

Na nufi ɗakin masu Language Server ina tsammanin ganin wata runduna. Tebura biyu na tarar an haɗe, mutane ba su cika hannu biyu ba, ga kwalaben ruwa, ga wayoyin caja sun sarƙe. Ɗalibai ne, da ma'aikatan da ke yi bayan sun tashi daga ofis, da 'yan kaɗan da ake biya wani ɓangare na lokacinsu daga gudummawar jama'a. Aikin gayya ne sak, sai dai a nan masu gonar su ne 'yan gayyar, kuma ba mai dafa musu tuwo.

Wani matashi mai gilashi ya ja mini kujera. Na tambaye shi wane gagarumin abu ne ya sa aka yi tsalle daga 1.10 zuwa 2.0. Ya yi dariya ya ce ba juyin juya hali ba ne. Manhajar ƙananan sassa ce da yawa da ake jonawa, a da kowanne da tasa lambar, abin ya zama ciwon kai ga masu fitarwa, shi ne aka ce daga yanzu duk su riƙa tafiya da lamba ɗaya. Ni da na taso tun daga Kano da zumuɗin lamba biyu, sai na yi shiru. Amma da ya ba ni tarihin, na ga inda ainihin abin yake. Kafin 2020 ƙungiyoyi biyu ne ke gina abu iri ɗaya, ghcide da haskell-ide-engine, kowa na jan nasa. A Janairun shekarar suka zauna a wani taro a Bristol ta Ingila suka amince su haɗe. Kuma sun gina shi ne a kan wata ƙa'ida da Microsoft ya fitar a 2016, wadda ta raba edita da mai fahimtar harshe. Shi ya sa na kusa da ni yana kan VS Code, na gabansa yana kan Emacs, wata kuma Vim, amma duk abu ɗaya ne ke yi musu aiki a bayan fage.

Sai ya ce in buɗe tawa kwamfutar. Na rubuta ɗan fankshin mai ƙirga kalmomi a jimla, na sa masa suna ƙidaya, da ƙ ɗinmu mai lanƙwasa, don in ga ko zai yi gardama. Bai yi ba, Haskell na karɓar irin waɗannan haruffa a suna. Matashin ya leƙo ya ce wannan wane harafi ne, na ce na gidanmu ne. Daga nan ya ce in goge rabin fankshin ɗin in sa ɗan layin ƙasa kawai, wato in bar rami. Ina sawa, editan ya nuna cewa abin da ya dace da ramin nan dole ya karɓi rubutu ya mayar da jerin kalmomi, ya kuma lissafo waɗanda ya sani masu wannan siffa. Wanda nake nema yana ciki. Ya sake nuna mini wani: a cikin sharhin da ke saman fankshin ka rubuta alamar kibiya uku da tambaya, misali jimillar lambobi daga 1 zuwa 100, ka danna, sai 5050 ta bayyana a ƙasa, a cikin takardar kanta. Dalilin da ya sa yake iya wannan duba shi ne a Haskell kowane abu da jinsinsa, kuma tafinta ba ya barin a zuba rubutu inda ake jiran lamba. Jan layin da ke ba ni haushi a gida, wannan binciken ne ake yi tun kana bugawa.

Muna cikin haka fankar tsohuwar kwamfutata ta fara kuka har na gefe suka waiwayo. Na buɗe wani babban aiki ne, kuma manhajar tana riƙe bayanan aikin duka a ƙwaƙwalwar inji don ta amsa da sauri. Nan hira ta juya. Na ce musu a wajenmu ɗalibi da kwamfutar hannu ta biyu yake koyo, data da awo yake saye, wuta kuma in ta zo sai a yi hamdala. Kafin ya rubuta layi ɗaya sai ya sauke GHC, ɗaruruwan megabait, sannan Language Server wanda dole a gina shi daidai da fitowar GHC ɗin da ke kan injin, in sun saɓa ba za su yi magana da juna ba. GHCup, manhajar da ke girka su, ta sauƙaƙa daidaitawar, amma ba ta rage nauyin saukewa ba. Ba su yi musu ba. Wata daga cikinsu ta ce cin ƙwaƙwalwa matsala ce da suka daɗe suna fama da ita, ta nuna mini yadda ake kashe sassan da ba a buƙata. Abin da ya ba su mamaki shi ne maganar data. A inda intanet ke zuba kamar ruwan famfunansu, ba wanda ke ƙirga megabait, kuma ba mugunta ba ce, ba su taɓa zama da mai ƙirgawa ba ne. Ta ce in rubuta wannan a shafin da suke tattara ƙorafi, don abin da ba a rubuta ba ba ya shiga layi. Na rubuta a nan take, tana gyara mini Turanci.

Da rana ta take sai na ga abin da ban saba gani ba. Mutanen da ɗazu ke muhawara a kan jinsin fankshin suka ajiye kwamfutoci a kan ciyawa, ba mai gadi, suka faɗa tafki. Wani farfesa da na san sunansa a bangon littafi ya wuce ni da tawul a kafaɗa. Suka ce in shigo. Na ce ni ɗan Kano ne, iyakata da ruwa alwala da wanka. Abinci kuwa na tsaya a kan na ganye da cuku da burodi, don naman alade yana shiga wuraren da ba ka zato, sai ka tambaya. Ranar Lahadi na fita neman shago na tarar gari a kulle, in ban da na cikin tasha.

Ran Litinin kafin a tashi na yi abin da duk wani ɗan gida zai yi: na zauna kusa da inda intanet ɗin jami'ar ya fi ƙarfi, na sauke GHC da Language Server da GHCup na Windows da na Linux, da tarin ɗakunan karatu na manhaja, na cika filas biyu. Komawa Zurik jirgin ruwa na bi, kusan awa biyu, yana tsayawa gari-gari a gaɓa, gonakin inabi a kan tudu, tsaunuka masu ƙanƙara can baya. A nan ne na ga saƙo cewa an amsa ƙorafina, wani da ban sani ba daga wata ƙasa yana tambayar girman ƙwaƙwalwar injinan da ɗalibanmu suka fi amfani da su.

Na ce masa zan tambaya. Saboda haka in za ka zo ranar Asabar, ka taho da yaran nan naka biyu masu son koyo da kwamfutocinsu, mu duba abin da ke cikinsu mu aika masa, sannan in zuba musu abin da ke filas. Ka zo da wuri, kafin a ɗauke wuta.