Idan Baƙo Ya Zo Minna Karon Farko

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da na daɗe ina son mu tattauna a kanta. Baƙo zai taso daga Kano ko Katsina ko Maraɗi, ya sauka a Limawa ko Unguwar Daji, mu shimfiɗa masa tabarma a zaure, mu ɗura masa tuwon shinkafa da miyar kuka safe da dare. Bayan kwana uku ya koma gida, a tambaye shi yaya Minna, ya ce: "Ai kamar nan ne, sai dai zafi." To wannan laifin wa? Namu ne, masu masauki. Mun nuna masa abin da ya baro a gida, mun ɓoye masa garin da ya riƙe mu.

Ni dai idan na yi baƙo, tashar jirgin ƙasa nake fara kai shi, ko da babu jirgin da zai gani. Dalili kuwa, nan ne mafarin zamanmu. Layin dogon da Turawa suka ja daga Baro a bakin Kwara ya isa Kano a 1911, kuma a Minna ya haɗu da wanda ya taso daga Legas. Wannan mahaɗa ce ta jawo leburori da fatake da mahauta da malamai, cikinsu har da kakannin da yawa daga cikinmu. Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, su aka tarar a kan duwatsun nan. Sai a 1976 aka ƙirƙiri Jihar Neja, Minna ta zama hedkwata. Baƙon da ya ji wannan a tsaye a gaban tasha, zai daina mamakin yadda Bahaushe da Banufe da Bagware da Bayarabe ke cin kasuwa ɗaya.

Daga nan sai kasuwa. Kasuwar Kure tana da kyau ga mai neman atamfa da kayan miya, amma wanda ke son ganin Minna ta ainihi, a kai shi Kasuwar Gwari da sassafe, lokacin da ake sauke doya. A nan zai ga matan Gwari sun ɗauko kaya a kafaɗa, ba a ka ba, domin a al'adarsu kai yana da darajar da ba a ɗora masa lodi. Ku ja kunnensa tun daga gida: kada ya yi dariya, kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kowa bai nemi izini ba, kuma barkwancin nan na raina Bagware da ya saba ji a can, ya bar shi a can. Maƙwabtanmu ne, mu za mu kwana da su bayan ya tafi.

Maganar abinci kuwa, a nan nake yawan kokawa da baƙi. Wani kawuna da ya zo daga Daura, da aka ajiye masa sakwara da miyar agushi sai ya ce, "Kai ɗan nan, ni ba a ba ni tuwo ne?" Na ce, "Kawu, tuwo yana nan bai gudu ba, ka dai taɓa wannan." Kafin ya tafi sai da muka ɗaure masa doya goma sha biyu a bayan mota. Sakwarar da aka kirɓa a turmi da doyar da ta kwana biyu a rumbu daban take da ta gari da ake tuƙawa. Sabuwar doyar damina kuwa ruwa ne da ita, ta fi daɗi a gasa ta a ci da manja da ɗan yaji. A haɗa masa da bandar kifi a miya, da ƙuli-ƙulin Bidda mai ƙaras-ƙaras ya riƙa taunawa a hanya. Masa da tsire da fura duk muna da su, amma waɗannan ba su ne za su ba shi labarin da zai kai gida ba. Tsarabar Inna da Gwaggo kuwa, a nemi man kaɗanya mai kyau, jiharmu ta yi suna a kansa.

Idan akwai yini guda a hannu, sai Gurara. Ana ratsewa ne daga hanyar Suleja, ruwa yana zubowa daga kan duwatsu tsayin kusan mita 30. Da damina, wajen Agusta da Satumba, ruwan ya cika yana ruri, a tsaya daga nesa a yi kallo, kada a yarda yaro ko babba ya ce zai shiga. Da rani yakan ja baya har a sauka kusa a zauna a kan dutse. Mai wucewa Abuja kuma zai ga Dutsen Zuma a wajen Madalla, wanda ke jikin takardar naira 100. A fita da wuri a dawo da rana tsaka, domin tireloli sun yi wa hanyar nan yawa.

Wasu baƙin sukan nemi a kai su Zungeru, tsohuwar hedkwatar Arewa inda aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, ko madatsar ruwa ta Shiroro da aka buɗe a 1990. Wuraren sun cancanci gani, amma kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa yankunan Shiroro da Munya da Rafi. Baƙo amana ne. Kada a ɗau hanya sai an tambayi direbobin tasha a ranar, ba jiya ba. In sun ce a dakata, a dakata.

Da yamma, idan rana ta yi sanyi, a zaga da shi ta fadar Sarkin Minna, a hau tudun da gidajen Janar Babangida da Janar Abdulsalami suke, ya hango gari daga sama. Ba kowane gari ne ya haifi shugabannin ƙasa biyu ba. A wuce kawai, ban da hoto a gaban masu gadi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu. Akwai wanda aka haifa a unguwar nan, ya yi shekara ashirin, bai taɓa taka Gurara ba, bai iya gaisuwa ko ɗaya da Gwaranci ko Nufanci ba. Don haka ran da za ku fita da baƙo, ku saka yara biyu a motar. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. In an fita dominsa, 'yan gida ma sai su ƙaru.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya.