Mai Ɗana Tarko A Waya Ɗan Fashi Ne, Ba Mai Gyaran Addini Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai maganar da mu malamai muke kauce mata a wurin karatu saboda nauyinta, alhali kuwa ta riga ta shiga aljihun 'ya'yanmu. Watau maganar manhajojin nan na waya inda maza masu neman maza suke haɗuwa. Hukuncin wannan aiki ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya karanta ko da Risala, mazhabobin nan huɗu duk sun haramta shi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami daban ne. Wata sana'a ce ta tsiro a gindin waɗannan manhajoji, sana'ar yaudara da ƙwace, har muna jin waɗansu daga cikinmu suna yaba wa masu yin ta kamar sun taimaki addini.

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Grindr, an ƙirƙiro ta a Amurka a 2009. Aikinta shi ne ta nuna wa mutum waɗanda suke kusa da shi, da nisan da ke tsakani.  Mai shiga yana zaton ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, bai san masu ɗakin ba su da riƙon amana ba. A 2018 ya bayyana cewa kamfanin yana miƙa wa waɗansu kamfanoni bayanan lafiyar masu amfani da shi, har da na cutar ƙanjamau. A Disamba 2021 hukumar kare bayanai ta ƙasar Norwe ta ci tararsa kurona miliyan 65 saboda bai wa masu talla bayanan mutane ba da cikakken izini ba. A Fabrairu 2023 kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana yadda jami'an tsaro a Masar da Iraƙi da Jodan da Labanon da Tunisiya suke bin mutane ta intanet, har da shigar burtu a irin waɗannan manhajoji.

A Nijeriya 'yan daba ne suka fi cin wannan kasuwa. Mutanen Kudu suna kiran abin kito, har gidan rediyon BBC ya yi shiri na musamman a kansa a 2023. Mutum zai sa hoton da ba nasa ba, ya yi ta hira da saurayi kwana da kwanaki, sa'an nan ya gayyace shi. Yana shiga ɗaki sai ya iske ƙarti suna jira. Su doke shi, su tuɓe shi, su ɗauki hotonsa, su karɓi waya da lambar sirri ta banki, su kwashe abin da ke ciki. Daga nan sai su juya kan iyaye.

Wani dattijo mai fataucin rake daga yankin Makarfi ya same mu a zaure bayan sallar isha, ya daɗe yana kewaye kafin ya iya buɗe baki. Ɗansa ɗalibi ne a Zariya, an yi masa irin wannan. Dattijon ya biya sau biyu, na biyun sai da ya sayar da raken da bai kai sara ba. Sun sake kira. Ya ce, "Malam, in na kai ƙara yaron za a kama, in na yi shiru gonar za ta ƙare." Muka gaya masa gaskiya, cewa kuɗin toshiyar baki ba shi da ranar ƙarewa, ya nemi lauya amintacce tun kafin ya sake tura ko kwabo, ya kuma jawo yaron kusa da shi, domin wanda aka rutsa haka shaiɗan yakan raya masa ya halaka kansa.

To, mene ne sunan waɗannan ƙarti a fiƙihu? Shaihu Halilu a cikin Muhtasar, babin hiraba, bai tsaya ga mai tare hanya da makami ba. Ya haɗa da wanda ya shayar da mutum abin bugarwa don ya kwashe kayansa, da wanda ya yaudari yaro ko babba zuwa wani wuri don ya ƙwace abin da ke hannunsa. Ashe an yi maganin wannan mas'ala tun ƙarni na 14, waya ce kaɗai sabuwa. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi kuwa yana ganin fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni. Hukuncin hiraba yana aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, kowa ya duba ya ga ko mai sauƙi ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haramta jinin Musulmi da dukiyarsa da mutuncinsa a Hajjin Bankwana, bai kuwa ware mai saɓo ba.

Ɗan daba yakan ce ai ɗan luwaɗi ya kama. Wa ya aike shi? Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana zato da bin diddigin asirin mutane. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa da Hazzalu ya sa wani mutum ya je ya tona laifinsa, Manzon Allah ya nuna masa cewa rufa masa asiri shi ne ya fi masa alheri. Wannan fa ga wanda ya san laifi da gaske ke nan, balle wanda shi da kansa ya yi kwana goma yana kiran mutum zuwa ga saɓo. Tun da aka kafa kotunan shari'ar Musulunci a Jihar Kaduna a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi, ba wanda ke da uzurin yanke hukunci a lungu. Alƙali ma ba ya yankewa sai da shaidu huɗu adalai da suka gani da ido, ko iƙirarin da ba tilas a cikinsa. Hoton da aka ɗauka da gora a kan mutum ba ya cikin waɗannan.

Ya kamata mu san abin da yake ba waɗannan mutane ƙarfin hali. Tun da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairu 2014, mai ɗaurin shekara 14, wanda aka yi wa ƙwace ta wannan hanya tsoron caji ofis yake ji fiye da tsoron ɓarawonsa. A watan nan ne taro ya jefi kotun shari'a da duwatsu a Bauci tun alƙali bai gama sauraro ba. A Afrilu 2017 aka gurfanar da mutum 53 a Zariya bisa zargin halartar irin wannan aure, suka musanta. Ɓarawo yana ganin duk wannan, ya san zargi kaɗai ya isa ya rushe gida.

A nan ne maganar ta iso kan ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati wanda bai taɓa jin sunan manhajar ba. Hotonka yana Facebook. Ba ya ɗaukar minti biyar a ɗauke shi a buɗe shafi da sunanka, a ƙaga hira, a turo maka da barazanar za a kai wa matarka, ko shugaban ofishinku, ko abokan cinikinka a Tashar Yari. In jama'a sun saba gaskata irin wannan a kan ɗan wani, ranar da ta zo kanka ba wanda zai tsaya bincike. Risala ta bayyana cewa wanda ya jefi mutum da luwaɗi haddin ƙazafi ya hau kansa, watau bulala 80 da ke aya ta 4 ta Suratun Nur. Aya ta 19 kuma ta yi narko ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Mai tura hoto a zauren WhatsApp na ma'aikata ko na 'yan kasuwa yana cikin wannan, ko da ya rubuta a'uzu billahi a ƙarƙashinsa.

Saurayin da ke cikin waɗannan manhajoji, muna kiransa ya goge su ya koma ga Ubangijinsa, ƙofar tuba ba ta bukatar ya tona kansa ga kowa. In ya riga ya yi mu'amala da wani, ya je asibiti a gwada jininsa. Shugabannin zaurukan WhatsApp kuwa, in irin wannan hoto ya shigo, su goge shi nan take, su kira wanda ya turo su tambaye shi inda ya samo, da sunayen shaidunsa huɗu.