Kallon Birnin London Ba Ko Anini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta, waɗanda Allah ya nufa da zuwa London neman ilmi. Da yawa daga cikinsu, in an tashi daga karatu sai su ƙule a ɗaki don tsoron tsada, har su komo gida ba su san kome ba sai tasha da kantuna. Wannan hasara ce babba, gama ba kullum a kan sami irin wannan tafiya ba.

Gaskiya ne birnin yana cin kuɗi. Tsohuwar ganuwar nan da a ke kira Tower of London, babban mutum ba ya shiga sai ya biya fiye da fam 30. Amma ni da na zaga da ƙafa, na tarar mafi amfanin abin kallo ba a karɓar ko anini a kansa.

Mutum ya fara daga Majalisar Dokoki a bakin kogin Thames. In ana zama, kowa yana iya bin layi ya hau bene ya ji wakilai suna ja-in-ja da ministoci. Daga nan ya ratsa lambun St James zuwa fadar Buckingham, inda dogaran Sarki masu jajayen riguna ke canjin gadi da hantsi, a waɗansu ranakun mako. In ya juyo gabas sai dandalin Trafalgar, inda National Gallery ta ke, watau gidan zane-zane da aka kafa a 1824.

Kamar mil guda arewa da nan sai British Museum, wanda aka buɗe wa jama'a tun 1759. A ciki na daɗe tsaye gaban kayan tagulla na fadar Sarkin Benin, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, har yau ana gardama a kan mayar da su. Ya kamata kowane ɗan Nijeriya ya gan su da idonsa kafin ya sa baki cikin zancen. Malamai kuwa su ƙara gaba kaɗan zuwa British Library, inda a ke ajiye da Alƙur'anin da aka rubuta da ruwan zinariya a Misira shekara 700 da suka wuce.

Ran Lahadi sai a nufi kusurwar lambun Hyde Park, inda kowa ya kan tsaya ya faɗi ra'ayinsa, jama'a suna mayar masa. Dokar 1872 ce ta ba da wannan dama.

Me ya sa ba a biya? Don an ɗauki waɗannan wurare dukiyar jama'a ce, ana riƙe da su da kuɗin haraji da gudummawa. Waɗansu gidajen sun taɓa sa kuɗin shiga, amma a 2001 aka soke.

Saboda haka guzurin mai kallo shi ne takalmi mai ƙwari, da laima, da ɗan abinci daga masauki. Wanda ya komo bai ga waɗannan ba, kada ya ɗora wa aljihu laifi.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu.