Markaz ta Agege: makarantar da haifaffen ƙasarmu ya kafa

Duk shekara in damina ta ja baya aka shiga shirin komawa karatu, magana ɗaya ce ke yawo a bakin iyaye a nan Garu: ina za mu kai yaron nan? Wani ya ce lakwal, wani ya ce allo, wani kuma ya ɗaure wa ɗansa ƙunshi ya sa shi mota zuwa Sakkwato ko Gwandu ko Zariya. Mu Hausawan wannan gefe na Kwara ba mu da yawa a ƙasar Benin, muna zaune ne tsakanin ƴan'uwanmu Dandawa da Zabarmawa da Fulani, saboda haka duk yaron da karatunsa ya lalace, giɓinsa yana daɗewa bai cike ba. Shi ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu kawo labarin wata makaranta wadda ba gwamnati ce ta gina ta ba, ko ma tsinci abin da zai amfane mu.

Sunanta Markazut Ta'alimil Arabil Islami, amma kowa Markaz yake ce mata. Tana Agege ta jihar Legas, inda Hausawa fataken goro suke da tsohon zango. Wanda ya kafa ta shi ne Shaihu Adamu Abdullahi al-Ilori. Ko da yake sunan Ilori yake ɗauke da shi, domin can ne asalin mahaifinsa, a ƙasarmu aka haife shi a 1917, tun ana kiran ta Dahome, a garin Wasa kusa da Zugu, wanda Faransawa ke rubutawa Djougou. Zugu kuwa ba baƙon gari ba ne a wurinmu, ta nan ayarin kakanninmu yake bi zuwa Gwanja sayen goro.

Ya fara karatu wajen mahaifinsa, ya ci gaba wajen malaman Badun da na Ikko, cikinsu har da wani babban malami Bakano, Shaihu Adamu Nama'aji. Duk irin karatunmu na zaure ya yi, littafi bayan littafi, babu aji, babu takardar shaida. A 1946 ya isa Masar, ya gabatar da kansa ga malaman Azhar suka jarraba shi, suka ba shi shaida. A can ya ga yadda ake koyar da ilmin nan da ya sani, amma bisa tsari. Da ya komo gida ya yi ƴan shekaru yana koyarwa ƙarƙashin ƙungiyar Ansaruddin, sa'an nan a 1952 ya buɗe tasa makaranta a Abekuta. Ba ta daɗe ba ya ɗauke ta zuwa Agege, inda take har yau.

Ba shi ne farkon wanda ya sa wa karatun Larabci tsari ba. A Kano an buɗe makarantar koyon shari'a tun 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ita ce daga baya ta zama makarantar koyon Larabci. Amma waccan da baitulmali aka gina ta. Shi Shaihu Adamu ba shi da baitulmali, sai ilminsa da taimakon masu son abin.

To, mene ne tsarin? An raba ɗalibai aji aji, kowane aji da littattafansa da malamansa da lokacinsa. Ana zama kan benci, malam na rubutu a allon bango. Akwai matakin i'idadi, a bisansa akwai na sanawi, kuma ba a hawa sai an ci jarrabawa. Ana karanta nahawu da sarfu da balaga da adabi, ana karanta fiƙihu da tauhidi da tafsiri da hadisi da tarihi, kuma Larabci ne harshen koyarwa. Ana horar da yaro ya riƙe alƙalami ya tsara magana tasa ta kansa, ya miƙe gaban jama'a ya yi jawabi. Ranar da ya gama sai a ba shi takarda wadda zai nuna a wata makaranta ta gaba, har a ƙasashen Larabawa. Shi kansa Shaihu ya wallafa littattafai masu yawa, wasu don ɗalibansa, wasu na tarihi, kamar Al-Islamu fi Nijeriya, wanda ya yi bayanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ciki.

Ɗaliban kuma suna da al'adunsu da ake gane su da su. Suna da tufafin makaranta iri ɗaya, ɗan mai hali da ɗan talaka ba bambanci. Suna da waƙoƙin Larabci da suke rerawa tare. Suna da bikin saukewa, wanda iyaye ke zuwa daga nesa don su gani. Da azumi ana taruwa wurin tafsiri, ranar Juma'a kuma ana fassara huɗuba da Yarabanci don wanda bai ji Larabci ba ya tafi da wani abu. Wanda ya gama yakan ƙara al-Markazi a bayan sunansa, kamar yadda mutum ke jingina kansa ga garinsu. Babbar al'adarsu kuwa ita ce, da yawansu in sun koma gida sai su buɗe tasu makaranta bisa wannan tsari. Ta haka ne abin ya bazu a ƙasar Yarabawa, ya tsallako har kudancin ƙasarmu. Shaihu Adamu ya rasu a London a 1992, aka kawo shi aka rufe a Agege, ɗansa Shaihu Habibullahi ya gaje shi, karatu bai tsaya ba.

Yanzu sai mu dubi kanmu. Muna da malamai a Garu da Madekali da Malanbil waɗanda suka sha Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ba mai raina iliminsu. Amma sau nawa muka ga yaro ya yi shekara goma a hannun malam, ya komo da karatu a ka, ba takarda a hannu? In ya nemi shiga wata makaranta, a ce ina shaida. In ya je ofis a Malanbil ko Kandi, a yi masa Faransanci ya tsaya yana kallo. Ƙarshenta sai ya koma dako a kasuwa ko kabu-kabu. Ƙanensa da aka kai lakwal ya sami sartifika, wataƙila har da bak, amma ba ya iya haɗa baƙi a Alƙur'ani. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da rabin abin da yake bukata. Kuma malam in ya rasu, sau da yawa zaurensa da shi yake rasuwa, domin karatun a ƙirjinsa yake, ba a bar wani tsari da wani zai ɗauka ba.

Ga kuma maganar iyaka. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda aka buɗe a 1986, a bakin wannan kogi namu take. Amma a 2023, bayan juyin mulkin Yamai, an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale. Wannan ya nuna mana cewa wanda duk karatun ƴaƴansa yake ƙetare, ranar da aka ja ƙofa shi ne zai fara ji a jika.

Ba mu ce a kwafo Agege dungurungum ba. Larabci kaɗai ba zai ishi ɗanmu ba a ƙasar da Faransanci ne harshen gwamnati, dole a haɗa masa da shi, da lissafi, da rubutun Hausa. Abin da za mu ɗauka shi ne tsarin: a san littafin da za a gama a kowace shekara, a yi jarrabawa, a ba da shaidar da hukuma za ta karɓa, ƴan mata ma a ba su ajinsu. Wannan ba ya bukatar bene. Rumfa uku da allon bango da malamai masu haƙuri sun isa a fara, in masu shinkafa da masu albasa da ƴan kasuwa suka yarda su riƙa ba da wani abu duk kaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon limamanmu da sarakunan Hausawa su zauna da malamai kan wannan magana kafin shekarar karatu mai zuwa. Allah Ya jiƙan Shaihu Adamu, Ya shiryi zuriyarmu. Amin.