Inna Ta Tsere Mini

Wallahi kunya ce ta sa na ɗauki biro yau. Ran Juma'a na raka kakata Inna barka, tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba, sai ga ni ina haki kamar wadda kare ya biyo. Ita kuwa tsohuwar da ta haura saba'in tana gaba tana waiwayena. Ta ce, "Ke 'yar nan, rubutu ya cinye miki ƙafa."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Tun da na gama sakandare na kama rubuta littafi, daga tabarma sai katifa. Ga mahaifiyata tuni hawan jini ya kama ta, ina jin tsoron bin sahunta.

Kwana na Allah ne, amma ai an ce mu yi sababi. A birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak likitoci sun bi rayuwar mutum 8,577 har shekara 25, suka fitar da sakamako a 2018. In aka gwada da masu zaman dirshan, 'yan wasan tanis sun ɗara su tsawon rai da shekara 9.7, 'yan badminton 6.2, 'yan ƙwallon ƙafa 4.7, masu hawa keke 3.7, masu iyo 3.4, masu sassarfa 3.2. Masu zuwa gidan motsa jiki kuwa 1.5 kacal! Kada ki ɗauka tanis magani ne, alaƙa kawai suka gani. Ni abin da ya ja hankalina, ukun farkon nan duk ba a yinsu sai da abokin yi, masu binciken ma sun yi zaton zumuncin yana da hannu a ciki.

Nan na tuna gaɗarmu ta dandali, da 'yar gala-gala, da tsallen igiya. Ko dakan Inna ai da tsararta suke luguden, suna raha. Mu kuwa da an fara zance sai a ce an girma, a naɗe ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, ku 'yan makaranta kuwa minti 60 kullum. Ni kaɗai na san ba zan jure ba, don haka na jawo ƙanwata, bayan la'asar muna tsallen igiya a tsakar gida. Inna ce mai ƙirga mana. Jiya na kai 40, ta ce a zamaninta wannan ko ɗumama jiki bai kai ba.